Cokulan da Hajiya Ta Wanke

"Wa ya taɓa min cokula?" Mijina ya daka tsawa daga falo.

Shekara tara yana bin gwanjon kayan mamata a unguwar Irving Park, nan Amurka, yana tara tsofaffin cokulan azurfa. Ya ce baƙin da suka yi da ɗan hatimin maƙeri a bayansu, su ne darajarsu. Ya kulle su a kabad, mu kuwa da na roba muke ci. Ran da 'yarmu ta ɗauki ɗaya, mari ta sha.

Mahaifiyarsa, wadda ta iso daga Kano shekaranjiya, ta fito tana goge hannu.

"Ni ce. Ƙazanta har a Amurka? Tun safe nake dirzarsu da soson ƙarfe. Dubi ƙyalli!"

Ya juya cokali ɗaya. Hatimin ya shafe. Ya ajiye shi, don ba a ɗaga wa uwa murya.

"Sannu da aiki, Hajiya," ya ce da ƙyar.

Sai ya dube ni. Na ci gaba da juya shayina da cokalin azurfa. Makullin kabad ɗin yana ɗaure a haɓar zanina, soson kuma ni na sayo shi.