Ɓarawon da Aka Yaɓe a Cikin Rumbu

An yi wani manomi da ya gaji irin dawa kaura daga ubansa, irin da duk ƙauyen babu mai kamarsa. Kowace kaka yakan ware manyan zangarniyoyi ya ajiye a ƙaramin rumbu sai damina. Mutum ne mai tsaro: ya ɗora rumbun bisa duwatsu saboda gara, ya kawo kyanwa saboda ɓera, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Ranar da za a zuba sabon iri matarsa ta leƙa, ta ga wasu 'yan ƙwari suna tashi daga ragowar dawar bara. Dangin faɗa-wuta ne, amma ba su fi ƙwayar shinkafa ba, launin ƙaiƙayi, da siraran fikafikai masu geza. Ta san su tun a rumbunan garinsu, ta kuma gan su a buhunan fatake. Duk inda hatsi ya kwana suna nan. Ta ce, "Malam, a kwashe tsohon nan, a share, a yi hayaƙi, a barbaɗa toka." Ya kama ɗaya ya murje da yatsa ya busar. "Wannan? Ko bakin kirki ba shi da shi. Ke dai ba kya rasa abin faɗa." Ta faɗa da safe, ta faɗa da yamma, har ta gaji da jin muryar kanta. Ya zuba sabo a kan tsoho, ya yaɓe bakin rumbun da laka.

Gaskiyarsa guda ce: ƙwaron ba ya cin hatsi. 'Ya'yansa ke ci. Yakan saka ƙwai a jikin zangarniya, tsutsar ta huda ƙwaya ta shige, ta cinye cikin ta bar ɓawo, ta fito da fikafikai ta sake haihuwa. Da ruwan shuka ya sauka aka fasa rumbu, ga zangarniya kamar jiya aka zuba. Aka sussuka, matar ta ɗaga ƙwarya za ta sheƙa, sai iska ta tafi da dawar tare da ƙaiƙayi. Maigida ya shiga zagaya shingen ƙaya, yana neman ta inda ɓarawo ya bi. Ta kife ƙwaryar ta ce, "Kada ka wahala, Malam. Da hannunka ka yaɓe shi a ciki." A shekarar nan irin maƙwabta ya shuka, kaurar ubansa kuwa daga nan ta ƙare.

Ka ji abin da ya sa magabata suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.