Baƙin Baba Ba Sa Ƙirguwa

Har yau ina ganin ludayin nan a hannun Inna, a tsakar gidanmu na unguwar Belleville, ranar walimar saukar Alƙur'anin yayana.

Ta dubi Baba ta ce, "Malam, mutum nawa ka gayyato?"

Baba ya ɗan tsinci Turanci a Legas wajen saro kaya. Ya ware hannuwa ya ce, "Filanti!"

"Filantin nan nawa ne? Tukunya ba ta jin Turanci."

"Tinjim dai, Hajiya. Ba a ƙirga baƙi, albarka guduwa take."

Inna ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, ta ƙara wa miya ruwa. Ana sallame la'asar sai ga su, kamar Baba ya kwaso 'yan kasuwar Black Market kaf, har da 'yan ƙabilar Julawa da ke maƙwabtaka da shagonsa. Shinkafa ta ƙare, rabin mutane ba su samu ba. Gudun kunya, Inna ta juye rabonmu da nata a faranti ta aika waje.

Baba ya leƙo yana murmushi. "Kin ga albarka? Kowa ya samu!"

Allah Ya jiƙansa, amma maganar nan har gobe haushi take ba ni. Mu ƙanzo muka kankara, Inna kuwa ruwa ta sha ta hau wanke-wanke.