Layin da Aka Ja a Wuyan Tela

"Wa ya goge alamar?" in ji ma'aikaciyar asibiti, tana ɗaga masa haɓa.

Telan ya shafa wuyansa. Bayan an yanke masa kansar maƙogwaro, likita ya ce sai an ƙone ragowarta da hasken na'ura, aka ja shuɗin layi inda hasken zai riƙa sauka. An ja masa kunne kada ya wanke wurin. Wankansa ya koma kamar na kaza, amma ga fatar yau fes.

"Sai an sake awo. Ka dawo mako mai zuwa."

Mako mai zuwa, sai ka ce ciwon zai zauna jiransu! Ya so ya kurma ihu, amma muryar da aka bar masa ba ta wuce raɗa ba.

Ya shiga gida yana huci. Matarsa ta rantse ba ita ta goge ba, yara suka rantse. Can ya hango tsumma a gefen gadon mahaifiyarsa, ya sha mai, ya yi shuɗi.

"Inna, ke ce?"

"Ni ce. Magani ya sa ka barcin rana, na lallaɓa."

"Kin san abin da kika ja mini kuwa?"

Tsohuwar ko gezau. Ta miƙa hannu, ta bi tabon da ya taso daga kunnensa har ƙashin wuya.

"Wancan karon ma layi suka ja, na zuba ido, wuƙa ta bi shi. Kai tela ne. Ka taɓa jan alli a yadi ba ka sa almakashi ba?"