Ranar Kashe Na'ura

Ƙarfe goma na safe Injiniya ya wanke hannu har gwiwa, ya sa safar hannu ta roba da takunkumi, ya tura ƙofar gilashin ya shiga. Bai kalli hagunsa ba. Kai tsaye ya wuce gaban na'urar, ya zaro ɗan littafinsa daga aljihu, ya kwafe lambobin da ke kan allo. Yau kwana goma sha tara ke nan, lambobin sun ƙi matsawa inda ake so.

Babu mai koya masa wannan aiki. A gindin bututun hayaƙin masana'antar siminti ya yi furfura, yana neman yadda za a kama iskar kabon kafin ta haye sama. Dabarar ba ta da wuyar faɗa. Ana cusa dubban zarurruka masu rami a ciki, sirara kamar gashi, a cikin gwangwani ɗaya. Hayaƙi ya bi ta cikin zaren, ruwan sinadari ya bi ta bayansa. Ba sa gauraya, amma iskar kabon tana tsallakawa ta ƙananan kafofin jikin zaren, ruwan ya shanye ta. A gida tsiya ake yi masa, wai mazan mutane su fita su dawo da abin da ido ke gani, shi kuwa iska yake kamawa, ko a leda bai taɓa kawo ta ba.

Wannan ta gabansa ƙarama ce, gwangwaninta tafin hannu biyu sun ɗauke shi, kuma a juye take aiki: ruwan ne ke shigowa ɗauke da iskar, zaren ya raba shi da ita. Ya shiga da duhu, ya fito da haske. Ranar da aka haɗa ta, Injiniya ya daɗe yana kallon launin yana sauyawa, har ya ji wani abu mai kama da alfahari. Ya kira Auta, ƙaramar 'yarsa, ya nuna mata ta bayan gilashi. "Kin ga abin da kuke yi min dariya a kai? To, ga shi yana aiki."

An ce mako guda za ta yi. Mako ya zama biyu. Tun a makon farko ɗige-ɗige masu duhu suka fara taruwa a kusurwar gwangwanin, shi ya riga kowa ganinsu, aka canza zaren. Bayan kwana biyar suka dawo, aka sake canzawa. Tun daga nan ya daina komawa gida sai don wanka. A benci yake cin abin da Auta ta kawo, loma uku ya rufe kwanon.

Yana cikin rubutu Dakta ta shigo. Ita ce shugabar sashen, mace mai magana a hankali. Yau ba ta leƙa allon ba, ta tsaya kusa da shi da takarda a hannu.

"Baba, jiya mun zauna da abokan aiki. Mun duba sakamakon gaba ɗaya."

"A ƙara gudun famfon da ke tura ruwan," in ji shi, bai ɗago ba. "Ko a sa sabon zare. Na ga irin wannan toshewar sau ɗari."

"Kai ma ka san ba zaren ba ne. Zai iya ci gaba da tacewa har wata guda. Amma abin da muke jira ba zai dawo ba."

Ya buɗe baki zai yi musu, idonsa ya faɗa kan littafin. Rubutunsa ne, layi bayan layi, shafi goma sha tara. Da wani ne ya kawo masa waɗannan lambobi a ofis, da tun kwana na goma ya ce a tsaya. Bai taɓa yi wa lamba ƙarya ba, ya kuwa sha korar ma'aikata saboda sun yi mata.

"Shekara talatin da huɗu muna tare," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na sani, Baba."

Aka bar Auta ta shigo, an ɗaura mata takunkumi, idanunta sun yi jajir. Ta riƙe hannun rigarsa kamar lokacin da yake kai ta makaranta.

"Baba, ka sa hannu. Wahalar ta isa haka."

Dakta ta miƙa masa biro, ya karɓa. Sau biyu yana ɗora shi a kan takardar yana ɗagewa. A na uku ya sa hannu, sa hannun da ko shi bai gane shi ba. Ya roƙi abu ɗaya, kada a kashe farat ɗaya, a yi ta ragewa a hankali.

Dakta ta kama maɓallin ta fara murzawa. Ƙarar famfon, wadda ta zauna masa a kunne kwana goma sha tara, ta yi ta yin ƙasa. Ruwan da ke fitowa daga gwangwanin ya fara rasa haskensa, har launin shiga da na fita suka zama ɗaya. Injiniya ya rufe littafin ya ajiye a kan na'urar. Ya cire safar hannunsa.

Sai a lokacin ya juya hagu, ya bi bututun da ya fito daga na'urar da kallo har inda ya shige wuyan matarsa, ya riƙe hannunta a kan gadon asibitin, yayin da na'urar da ke tace mata jini a madadin huhunta ta yi shiru.