Faifan Maigida

Faifan ya sake tsayawa inda ya saba: yarinyar cikin fim ɗin ta buɗe ƙofa, ta ɗaga kai za ta yi magana, sai hoton ya daskare, fuskar ta farfashe ƙanana-ƙanana.

Maigidan ya ture kwanon abincinsa. "Baiwar Allah, ina kuma ta shiga?"

Haka yake kiranta tun da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa. Ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi magani, ita ke kwana a kujera kusa da ƙofar ɗakinsa. Loma ɗaya ba ta shiga bakinsa sai wannan tsohon fim yana kunne. Ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a bakin titi aka tsinto shi ba takalmi, yana tare masu wucewa yana tambayarsu ko sun ga matarsa.

Ta goge faifan da gefen zani, ta hura masa iska, har man goge baki ta shafa masa saboda wani ya ce yana magani. Ba abin da ya canza. Kamfanin da ya yi fim ɗin ya daɗe da rufewa, masu sayar da fayafayi kuwa dariya suke idan ta ambaci sunansa.

Ta roƙi maƙwabciyarta ta zauna da shi zuwa la'asar, ta naɗe faifan a hankici ta fita.

Shagon mai gyaran kwamfuta ɗan tsukuku ne, matattun kwamfutoci jibge har rufi, fanka tana ta juya iska mai zafi. Mai gyaran ya ɗaga faifan ya duba a haske, ya gyara zaman gilashinsa.

"Mama, wannan ai ya girme ni a sana'a. Kwafi kike so?"

"Kwafi. Biyu ma, in zai yiwu."

"Yiwuwar tana hannun manhajar kwafi. Suna da yawa, kowacce da halinta."

Ya fara da ta kyauta. Ta yi sauri, ta gama kafin gumin goshinta ya bushe, amma da suka kunna sai ga sunan masu manhajar shimfiɗe a tsakiyar hoto, baro-baro.

"A kan fuska ya zauna," ta ce. "A'a."

Ta biyun ta ƙi ko motsi, wai faifan a kulle yake, ba a yarda a kwafa ba. Ya yi tsaki ya goge ta. Ya sauke wata da ya ce ita ce abin yayi. Wannan ta buɗe kullen ba gardama, ta kwashe fim ɗin tas, sai dai duk inda ta tarar da karce tsallakewa take. Yarinyar ta kama hannun ƙofa, ƙiftawar ido sai ga wasu maza suna gardama a kasuwa.

"Ai ba mai lura," in ji shi. "Ɗan guntu ne."

"Shi zai lura. Wurin nan kaɗai yake jira."

Mai gyaran ya sosa ƙeya. Akwai wata, ya ce, tsohuwa ce, ba ta da kyan gani, turancinta ma sai an yi haƙuri. Ita ba ta tsallake. In ta kai wurin da ya lalace, komawa take ta sake karantawa, ta kuma sakewa, har sai ta tsinci abin da za ta tsinta. Tana iya cinye yinin, ta kuma ce ta kasa.

Ta dubi agogon bango. Ta dubi ƙafafunta da suka kumbura cikin silifas.

"Sa ta."

Suka zauna. Layin da ke kan allo yana jan ciki, ya tsaya, ya ɗan matsa, ya sake tsayawa. Masu karɓar waya suka zo suka tafi. Ta yi gyangyaɗi har kanta ya bugi bango. Don rage zaman shiru mai gyaran ya kunna kwafin farko a ɗaya kwamfutar, ya jingina yana kallo. Ita ta ja mayafi ta ƙara rufe fuska, leɓunanta suna motsi kafin 'yan wasan su buɗe baki.

"Mama, kin haddace ke nan. Amma fa sun sha ruwan sama a nan."

"Da tiyo aka watsa mana," ta ce cikin barci-barci. "Ruwan sanyi ƙarara."

Ya yi dariya, ya ɗauka raha ce.

La'asar ta wuce. Maƙwabciya ta kira, ta sake kira: ya ƙi zama, yana neman takalminsa. Layin ya maƙale a wuri ɗaya har ta miƙe ta ce a ba ta faifanta haka nan. Hannun mai gyaran yana kan maɓallin fitarwa sai injin ya yi wani ɗan gurnani, layin ya zarce.

A bakin ƙofa ta same shi, takalmi ƙafa ɗaya, maƙwabciya riƙe da rigarsa tana haki. Ta lallaɓa shi ya koma kujera, ta ɗumama abincin, ta saka sabon faifan, ta tsaya gaban talabijin da addu'a a bakinta.

Yarinyar ta buɗe ƙofa. Ta ɗaga kai. "Ka dawo?" ta ce, ta yi murmushi, hoton bai ko girgiza ba.

Maigidan ya sauke numfashi, ya jawo kwano.

"Matsa mana, baiwar Allah, kin tare min matata."

Ta matsa. Ta zauna a gefensa da cokali a hannu, tana kallon mijinta yana yi wa fuskarta ta ƙuruciya a talabijin murmushin da ya daina yi mata yanzu da ta tsufa tana ba shi abinci.