Farfesan Ɗakin Ƙashi

"Kaf gidan tarihinmu, ba wanda ya san abin da ya kashe dainoso kamar ni!" Haka Farfesa ya cika baki ranar da dangin saurayin 'yarsa suka zo gaisuwa. Bai faɗa musu cewa abokan aiki ne suka laƙa masa sunan don tsokana ba, ko cewa shekararsa goma sha ɗaya yana goge daɓen wurin.

Uwar yaron, wata dattijuwa mai magana a natse, ta ce ai kuwa sai sun zo sun sha karatu.

Ran Asabar ya cusa bokiti da tsumma a bayan ƙofa, ya ari farar riga. Sannan ya lallaɓa ya zare wayar akwatin nan da ke yi wa baƙi bayani in an danna. Daga bakin akwatin ya haddace komai, yana guga yana saurare, har ya fi shi iyawa.

Suka zo su bakwai, 'yarsa na biye tana sunne kai. Ya tsaya ƙarƙashin ƙwarangwal ɗin dainoson, wata ƙatuwar dabba ta zamanin da, ya gyara wuya.

"Shekara miliyan sittin da shida da suka wuce, wani dutse mai faɗin kilomita goma ya faɗo daga sama. Ƙura ta rufe rana. Tsirrai suka bushe, masu cin ganye suka bi, masu cin nama suka bi bayansu. Wasu masana kuma sun ce aman wutar duwatsu ya riga ya jigata su."

Kawunnan yaron suka hau jinjina kai. Uwar kuwa leɓɓanta sai motsi suke. Farfesa ya ce a ransa, baiwar Allah, tasbihi take don mamaki.

"Duk binciken kaina ne," ya ƙara. "Har ciwon ido na yi."

"Sannu da ƙoƙari, baban yarinya," in ji ta. "To tsuntsaye fa, yaya aka yi suka tsira?"

Farfesa ya sosa ƙeya. Wannan bayanin yana ɗaki na gaba, kuma wani ne ke goge can.

"Tsuntsaye... ai sama suka yi, Hajiya. Suka jira ƙura ta lafa."

"Shekara nawa suna jira?"

"To... suna hutawa a kan gajimare."

Wani kawu ya tuntsire da dariya. 'Yarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ma'aikata suka fara leƙowa, ɗaya riƙe da bokitin, yana tambayar waye ya bar wannan a hanya.

Dattijuwar ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya a hankali, ta mayar da wayar akwatin, ta danna.

"Shekara miliyan sittin da shida da suka wuce," in ji akwatin, a natse, da muryar Hajiya.