Bargon da Ke Cikin Silin

Tunda ɗan kwangilar ya cusa kansa cikin silin bai fito ba, nake ta lissafin kuɗi. Keken ɗinkina na sayar don a sa abin tare sanyi a rufin gidan marigayi Baba, saboda tarin da ɗiyata ke fama da shi. In ya ƙara ko sisi, na shiga uku.

"Malam, lafiya? Katakon ne ya ruɓe?"

"Hajiya, wa ke kwana a ɗakin nan a da?"

"Ni ce, ina yarinya."

"To, an riga ni aiki. Amma nan kaɗai."

Ya miƙo min wani tsohon bargo da aka shimfiɗa a cikin silin don tare sanyi, ƙura na zuba. Na Baba ne, mutumin da duk sanyi yake kwana da singileti, wai shi zafi yake ji.